Yadda Ake Auna Makamashin da Jirgin Ƙasa Ke Ci Lokacin Gwaji

Kafin sabon jirgin ƙasa ya fara ɗaukar fasinja ko kaya, sai ya yi watanni a hannun masu gwaji. Suna duba birkinsa da gudunsa da ƙarfin jansa, sannan su auna yawan wutar lantarki ko man dizal da yake sha. Wannan awo na ƙarshe babba ne, domin jirgi kan yi shekara 30 ko fiye yana aiki, kuɗin makamashi kuwa yana cikin manyan abubuwan da hukumar jiragen ƙasa ke kashewa. Kamfanin da ya ƙera jirgi yakan rubuta a takardar ciniki cewa cin jirginsa ba zai wuce kaza ba. Gwaji ne ke gaskata maganar ko ya ƙaryata ta.

Aikin ya samo asali tun zamanin jiragen kwal. A lokacin akan saka wani tarago na musamman tsakanin kan jirgi da sauran taragun. Cikinsa akwai ma'aunin da ke jin ƙarfin ja, da alƙalamin da ke zana sakamakon a doguwar takarda mai tafiya daidai da tafiyar jirgin. Irin wannan tarago ne ya rubuta gudun kilomita 203 a awa da kan jirgi mai suna Mallard ya yi a Ingila a 1938, kuma taragon yana nan ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York.

Yau ana yin yawancin gwajin a layukan dogo da aka keɓe don haka. Na Velim a ƙasar Cek zagaye ne mai tsawon fiye da kilomita 13, ana gudun kilomita 200 da ɗoriya a kansa, ana kuma iya sauya masa nau'in wuta ya dace da na ƙasashe daban-daban. Kamfanin Siemens yana da nasa a Wildenrath ta Jamus, Amurka kuma tana da na Pueblo a jihar Kolorado. Amfanin zagaye shi ne a maimaita tafiya ɗaya sau da yawa ba tare da wani jirgi ya tare hanya ba.

A jirgin lantarki, ana ɗaura na'urorin awo inda wuta ke shigowa daga wayar sama. Ɗaya tana auna ƙarfin wutar, ɗaya tana auna yawan wadda ke gudana. Kwamfuta tana karanta su sau dubbai a daƙiƙa, ta ninka wannan da wancan, ta tara jimla da ma'aunin kilowat-awa, wato ma'aunin da mitar gida ke ƙirgawa da shi. Ba a tsayawa kan jimla kaɗai. Ana sa mita dabam ga injinan da ke juya ƙafafu, wata ga na'urar sanyaya taragu da fitilu da famfon iskar birki, don a san inda kowane kaso ya tafi.

Birki yana da nasa lissafin. Idan jirgin zamani zai rage gudu, injinansa kan koma janareta, su mayar da wuta cikin waya. Saboda haka mitar tana ƙirga abin da ya shigo da abin da ya koma, a cire wannan daga wancan. Sai dai wutar ba ta komawa sai akwai mai karɓa, ko wani jirgi a layin ko tashar wutar da ke iya amsarta. In babu, sai ta ƙare a zafi. Dole rahoton gwaji ya faɗi halin da layin yake ciki.

A jirgin dizal, ana sa ma'auni biyu: ɗaya a bututun da ke kai mai ga inji, ɗaya a wanda ke mayar da ragowa tanki. Bambancinsu shi ne abin da ya ƙone. Ana kuma auna zafin man, domin mai yana kumbura in ya yi zafi, lita ɗaya ta rage nauyi.

Wani muhimmin gwaji shi ne na sakin jirgi. Direba ya kai shi babban gudu a miƙaƙƙen layi, ya yanke wuta, a bar shi yana gangarawa. Yadda gudun ke raguwa yana nuna abin da ke riƙe jirgin: gogayyar ƙafafu da dogo, da turjiyar iska. Ana zuba sakamakon a wani lissafi da injiniya W. J. Davis ya wallafa a Amurka a 1926. Lissafin ya nuna cewa in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninkawa huɗu, shi ya sa ake tsawaita hancin jirage masu tsananin gudu.

Adadi ba ya da amfani sai an san sharuɗan da aka same shi. Ana loda buhunan yashi ko jarkokin ruwa a madadin fasinjoji, a rubuta ƙarfin iska da zafin rana, a yi tafiya da dawowa don hawa da gangara su daidaita. Hannun direba ma yana sauya sakamako, don haka ake tsara masa inda zai ja da inda zai saki. Ƙa'idojin Turai masu lamba EN 50463 da EN 50591 sun tsara yadda mita za ta kasance da yadda za a tabbatar da cin jirgi.

Yanayi kuwa ana gwada shi a rufaffen ɗaki. A birnin Biyana na Ostiriya akwai cibiyar da ke shigar da jirgi ciki, ta saukar da sanyi zuwa digiri 45 ƙasa da sifiri ko ta ɗaga zafi zuwa 60. Wannan ya shafi ƙasashe masu zafi kai tsaye. Jirgin da zai bi layin Abuja zuwa Kaduna a watan Afrilu, sanyaya taragunsa za ta ci abin da awon ƙasar sanyi ba zai nuna ba.

A ƙarshe ana raba jimlar makamashin da nisan tafiya da yawan kujeru, ko nauyin kaya, don a iya gwama jirgi da jirgi. A ƙasashe da dama mitar tana zama a jikin jirgin bayan gwaji, tana aika bayanai ta yadda kowane kamfani zai biya kuɗin wutar da ya sha, a kuma gane da wuri in cin jirgin ya fara wuce abin da aka auna ranar farko.