Ko Kun Sani? Ƙofofi 65,536 a Akwatin Intanet

Ko kun san ƙaramin akwatin intanet ɗin nan, rauta, da ake jonawa a gidajen gem na Sara da Birnin Kudu yana da ƙofofin shigar saƙo har 65,536, daga lamba 0 zuwa 65535? Aikinsa irin na mai gadi ne a bakin zaure: saƙon da ba a aika nemansa daga cikin gida ba, ba ya bari ya wuce. Shi ya sa mai son abokai su shigo wasansa daga nesa yakan buɗe ƙofa ɗaya, ya umarci akwatin ya miƙa wa na'urar wasa duk abin da ya biyo ta nan. Xbox na amfani da ƙofa ta 3074, Minecraft kuwa 25565.

Sai dai ga mai intanet na layin waya, galibi buɗe ƙofar wahalar banza ce. Adireshin intanet na tsarin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbunsu kuma ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya, ƙofar waje tana hannun kamfani.

Kafin ka taɓa komai, leƙa shafin saitin rautarka. In adireshinta na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kada ka ɓata datarka, buɗe ƙofar ba zai yi aiki ba.