KOWANE AIKI DA ƊAKINSA

Sau da yawa mai rubuta manhajar kwamfuta yakan kwana yana aiki, ya ga kome na tafiya daidai, amma da ya kai wa mai aikin sai abu ya ƙi tashi. In aka bincika, galibi akan tarar kayan da ya yi gwaji da su dabam, waɗanda ke wurin mai aikin dabam.

Bari mu ɗauki Python, watau harshen kwamfuta da Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Masu aiki da shi sukan ɗauko kayan da waɗansu suka riga suka rubuta, su ɗora nasu a kai. Kayan nan kuwa kullum canzawa suke yi. Alal misali, a 2024 aka fitar da NumPy 2.0, aka cire waɗansu sunaye da tsofaffin ayyuka suka dogara da su. To, wanda ke da aiki biyu, tsoho da sabo, in ya zuba kayansu wuri guda, gyaran ɗaya shi ne ɓarnar ɗayan.

Maganin wannan shi ne a keɓe wa kowane aiki ɗakinsa. Ian Bicking ya fito da virtualenv a 2007, sa'an nan a 2012 aka sa venv cikin Python 3.3. Ɗakin nan wata jaka ce kurum a cikin aikin, wadda kayan aikin ke zaune ciki ba tare da sun cuɗanya da na wani ba.

Amma fa akwai tarko, kuma a manhajar rubutu yake, watau inda mutum ke zama yana buga aikinsa. Kwamfuta tana da wani jeri da ake kira PATH, wanda take bi daki-daki in tana neman Python. Shiga ɗaki a tagar ba da umarni yana sa ɗakin a farkon jerin, amma a tagar nan kaɗai. Manhajar rubutu da aka riga aka buɗe tana nan riƙe da jerin da ta gada tun farko, don kuwa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka sai ta riƙa ja wa mutum layi a ƙarƙashin rubutu mai kyau tana cewa babu kayan, ko kuwa, abin da ya fi muni, ta gwada aikin da kayan wani ɗaki ta ce lafiya lau.

Don haka tilas a gaya mata ɗakin da ake ciki. Masu Emacs sukan yi amfani da pyvenv, su ba da umarnin pyvenv-activate su nuna jakar. Sai dai su tuna cewa canjin ya shafi dukan takardun da ke buɗe, kuma Python ɗin da ya riga ya tashi sai an sake ta da shi. A VS Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015, akwai wurin zaɓen Python, kuma wanda aka zaɓa yakan bayyana a gindin allo. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara shiga ɗakin a tagar umarni, sa'an nan a buɗe manhajar rubutun daga nan.

Mai shakka ya sa Python ya buga masa sys.prefix daga cikin manhajar rubutun. In sunan jakar aikinsa ya fito, yana daidai. Bayan haka ya rubuta sunayen kayan da lambobinsu a requirements.txt, ya haɗa da aikin. Kada ya kwashi ɗakin kansa ya aika, domin adireshin kwamfutarsa na rubuce a ciki. Da takardar nan mai aikin zai gina nasa ɗakin iri ɗaya.