Ma'anonin Kalmar "Firm" da Matsalar Koyar da Ita a Makarantun Arewacin Yobe

1.0 Gabatarwa

A garuruwan Dapchi da Nguru da Gashuwa, yaro kan tashi da Badanci ko Barbarci ko Fillanci a gida, ya yi Hausa a kasuwa, sannan ya tarar da Ingilishi a aji. Hausa ce gadar da malami ke bi ya kai ɗalibi ga ma'ana. Hatta ƙamusun Badanci da aka wallafa a 2004 bisa kulawar Russell Schuh, da Ingilishi da Hausa ya bayyana kalmominsa. Saboda haka, idan fassarar malami ta karkace, ɗalibi ba shi da wata madafa. A nan za mu ɗauki kalmar "firm" domin mu nuna illar ba kalma ma'ana ɗaya tak, wato "tauri".

2.0 Ma'anonin Kalmar

Asalin kalmar daga Latin ne, inda "firmus" ke nufin abin da ya kafu. Za mu iya kasa ma'anoninta gida biyar.

Na farko, rashin laushi. Rairayin Yusufari yana nutsar da ƙafa. Lakar fadamar Nguru kuwa, idan ta bushe ƙarau da rani, tauri gare ta, kuma "hard" Bature zai ce. Kalmarmu tana tsakanin biyun: ƙasar da ta tsane har ta iya ɗaukar amalanke, ko tumatirin da ya nuna amma bai yi luguf ba.

Na biyu, kafuwa. A nan amsa-kama ce ke fitar da ma'anar sarai: turke ya kafu daram, masunci ya riƙe koma gam.

Na uku, tsayuwa a kan ra'ayi, wato tsayin daka ko jajircewa.

Na huɗu, tabbaci, kamar alkawarin da ba tashi, ko farashin da ba ragi.

Na biyar, kamfani. Wannan ma'ana ta shigo Ingilishi a ƙarni na 18 daga kalmar Italiyanci "firma", wato sa hannu, domin da sa hannu ne 'yan kasuwa ke tabbatar da ciniki.

3.0 Inda Matsala Take

Ma'ana ta uku ce ta fi haɗari. A Ingilishi yabo ne a siffanta malami da wannan kalma: yana nufin mai magana ɗaya, wanda ba ya sassauta doka yau ya tsananta ta gobe. Amma a Hausa, da zarar an jingina tauri ga hali, sai zargi ya shigo: taurin kai, taurin zuciya, taurin hannu. Ɗalibin da ya rubuta haka a sashen fassara na jarrabawar Hausa ta WAEC ya juya ma'anar marubuci baki ɗaya. Haka kuma malami mai neman sanin makamar aiki, idan ya karanta a littafin koyarwa cewa ya kasance "firm" ga yara, yana iya ɗauka bulala ake nufi, alhali adalci da tsayawa a kan magana ake bukata.

4.0 Shawarwari

Muna ba da shawarar manhaja ta tanadi koyar da irin wannan kalma cikin jimla, kowace ma'ana da misalinta daga gona ko kasuwa ko bakin kogin Yobe. A haɗa ta da kishiyoyinta: laushi, girgiɗi, magana biyu. A kuma nemi ɗalibi ya kawo takwararta daga harshen gidansu kafin a je ga Hausa. A ƙarshe, malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa tsara darasin fassara tare, domin ɗalibi ɗaya suke koyarwa.