2.4 Tasirin Mata Salihai a Sunayen Matan Dutsin-Ma da Kurfi

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan matan da Musulunci ya ɗaukaka, da kuma yadda darajarsu ta bar tasiri a sunayen da ake raɗa wa 'ya'ya mata a Dutsin-Ma da Kurfi.

Hadisi ya fifita mata huɗu a kan saura, wato Maryam mahaifiyar Annabi Isa, da Asiya matar Fir'auna, da Nana Hadiza, da Nana Faɗima. Maryam ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambaci sunanta, sura ta 19 ma sunanta take ɗauke da shi. Hadiza kuwa ita ce farkon wadda ta yi imani da Manzon Allah (SAW). Baya ga waɗannan akwai Nana A'isha, wadda aka ruwaito hadisai 2,210 daga gare ta, da Hafsa wadda aka damƙa wa ajiyar Alƙur'anin da aka tattara a zamanin Halifa Abubakar.

A ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta kusanto da tarihin irin waɗannan mata ga jama'a ta hanyar waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, da kuma tsarin 'yan taru wanda jajjai suke kai wa matan karkara karatu.

A yankin da ake nazari, uba kan zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ranar suna domin neman tubarraki. Sai dai saboda alkunya, mace ba ta kiran sunan surukarta kai tsaye, ko da kuwa 'yarta ce ta ci sunan. Wannan na daga cikin dalilan yawaitar laƙabi, misali:

Hadiza: Dije, Kubura
Faɗima: Binta, Fatsima
A'isha: Indo, A'i, Shatu
Maryam: Mairo
Hafsa: Hassu
Asma'u: Ma'u

Abin lura a nan shi ne, laƙabi kan rufe sunan yanka har a kai ga mai amsa Indo ba ta danganta kanta da A'isha malamar sahabbai. Idan tarihin mai sunan ya ɓace wa takwararta, to koyin da aka yi nufi ya raunana. Don haka nauyin sanar da 'yan mata asalin sunayensu ya rataya a wuyan iyaye da malaman Islamiyya.