Kafin ka ce "dokar duniya ta hana", ka ga takardar da idonka?

Da zarar rikici ya ɓarke a wata ƙasa, sai ka ga matasanmu a Facebook da X sun rikiɗe sun zama lauyoyi: "dokar ƙasa da ƙasa ta hana kaza." Ka tambayi mutum wace doka ce, ta wace shekara, sai ya turo maka hoton rubutun da shi kansa bai san asalinsa ba. Alhali ainihin takardun suna nan a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe.

Ɗauki batun Bakassi. Har yau ana gardama a kan yadda yankin ya koma hannun Kamaru. Hukuncin da Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke ranar 10 ga Oktoban 2002 yana nan a shafinta, icj-cij.org, da Turanci da Faransanci, har da hujjojin da lauyoyin ɓangarorin biyu suka gabatar. A nan za ka ga yadda kotun ta dogara da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913.

Amma shafin da na fi so ɗalibin aikin jarida ya saba da shi shi ne ma'ajiyar yarjejeniyoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, treaties.un.org. Dalili kuwa, a nan ne muke yawan yin tuntuɓe. Sa hannu daban, amincewa a hukumance daban, kuma shafin yana nuna ranar kowanne ga kowace ƙasa. Yarjejeniyar Rome da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, Amurka ta sa mata hannu a 2000 amma ba ta taɓa amincewa da ita ba. Najeriya kuwa ta amince a 2001. Ko an amince ɗin ma, ba a gama ba fa: sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Shi ya sa yarjejeniyar haƙƙin yara da Najeriya ta amince da ita a 1991 sai a 2003 aka yi mata doka, jihohi kuma kowace sai da ta yi tata.

Dokokin wasu ƙasashe kuwa, na Birtaniya suna legislation.gov.uk, hukuncin kotunanta a BAILII, na Faransa a Légifrance, na ƙasashen Afirka da dama a AfricanLII. In ba ka ma san ta inda za ka faro ba, GlobaLex na Jami'ar New York yana bayanin tsarin shari'ar ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Su Westlaw da LexisNexis sai da kuɗi, ba na aljihun ɗalibi ba ne, sai dai in laburaren jami'arku ya biya.

Masu cewa "ai ChatGPT zai nemo min" kuma, a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro musu, waɗanda ba a taɓa yin su ba.