Idan tsoro ya taso maka farat ɗaya

Wani lokaci kana zaune lafiya lau sai gabanka ya faɗi, zuciya ta shiga bugawa da ƙarfi, zufa ta keto, har ka ɗauka ajali ya zo. Wannan firgita ce: jiki ya yi shirin gudu alhali babu abin gudu. Takan tsananta cikin minti 10, sannan ta lafa. Ita kanta ba ta kisa.

Idan ta taso, zauna. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 1 zuwa 6, domin saurin numfashi ne ke kawo jiri. Rage shayi mai ƙarfi, kofi da goro.

A karon farko, je likita a auna ka, saboda ciwon zuciya da ƙarancin jini sukan yi kama da ita. Idan an ce lafiyarka ƙalau, daina lalube jikinka kana neman ciwo. Hakan ƙara tsoro yake yi. Kada ka sayi ƙwayoyi wurin ƴan talla. Amma idan ciwon ƙirji ya ƙi lafawa, ko ka suma, a kai ka likita nan take.