Hannun da ya kasa riƙe taɓarya

A Hawandawaki, can cikin yankin Tasawa dab da iyakar Najeriya, hannu shi ne jarin kowa. Da shi ake noman gero da wake, da shi ake sussuka da daka da jan guga. Shi ya sa da zarar yatsu sun fara ciwo ba a tsayawa jira: a sayi ƙwaya wurin mai talla ranar kasuwa, ko a kira wanzami ya yi tsaga da ƙaho. Ba kasafai ake tambayar wane irin amosanin gaɓɓai ne ba, alhali iri-iri ne, kowane da maganinsa.

Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, abokin tsufa da aikin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ke fama da shi a 2019. A hannu yana kama gaɓar da ke kusa da farce, har ta yi ƙulli mai tauri, da kuma gindin babban yatsa. Aiki ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Ba ya warkewa, amma farasitamol da maganin shafawa da gashi da ruwan ɗumi da motsa yatsu suna rage raɗaɗi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na biyu, da likitoci ke kira rumatoyid. A nan garkuwar jiki ce da kanta ke far wa gaɓɓai. Cikin mutum miliyan 18 da ke da shi a duniya, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne, kuma ba ya jiran tsufa. Yana kama hannu biyu lokaci guda, wuyan hannu da gindin yatsu, da kumburi mai laushi da zafi. Sai ka ga mace ta tashi da asuba yatsunta sun sandare, ta kasa ɗaga buta, ta kasa ɗaura zani, sai hantsi ya ɗaga sannan su saki. In aka bar shi, yatsun kan karkace su nufi wajen ƙaramin yatsa, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa.

Ga inda ƙwayar kasuwa ke yin ɓarna. Dikulofenak da firoksikam da dekzametazon suna kashe ciwo, mara lafiya ta ɗauka ta samu sauƙi, cutar kuwa tana ci gaba da cin gaɓa. Ana cikin haka sai gyambon ciki, sai ƙoda ta taɓu, fuska ta kumbura, ciwon sukari ya shigo. Wanda ya daɗe kan dekzametazon ma bai kamata ya yanke shi dare ɗaya ba, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Maganin da ke taka wa cutar birki shi ne irin su metotireksat, da ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, ana bin sa da awon jini saboda hanta. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa, abin da dole a faɗa a fili a ƙasarmu.

Akwai masu kama da waɗannan. Gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, wannan na gaggawa ne. Jariri mai kumburin hannuwa da ƙafafu, a duba sikila. Yatsun da suka daina ji tare da tabo mai haske a fata, a nufi asibitin Danja kusa da Maraɗi, inda aka daɗe ana maganin kuturta.

Ganewa daga hannun ma'aikacin lafiya take farawa: ya tambaya, ya latsa gaɓɓai, sannan awon jini da hoton ƙashi a asibitin Tasawa ko Maraɗi. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai ƙalilan ne a Nijar, don haka nauyin yana kan ma'aikatan likitar ƙauye su tura da wuri. Ke mai ciwo, da kai maigida, in kumburin hannu biyu ya kai mako 6, ku ajiye ƙwayar talla ku nemi takardar zuwa Tasawa.